Kofin da Minista Ya Ware wa Garzali

Akwai wani ɗan siyasar Indiya mai suna Harinat da ya zauna a garin nan namu na Greensboro wajajen 1996. Har yau idan na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Asalinsa malamin firamare ne, Allah Ya ba shi baki. Da bakin ya ci zaɓe sau uku, har ya zama ministan ruwa a jiharsu. Bakin ne kuma ya kayar da shi.

Kwalara ta ɓarke a unguwar masu shara da kwasar bayan gida, mutanen da a tsohuwar al'adar can ake ganin ko taɓa su ƙazanta ne. Suka zo roƙon a ja musu famfo. Gogan naku ya tsaya gaban taro ya ce, "Wanda aka haifa cikin datti, ko teku na ja masa ba zai fita ba."

A makon nan yara goma sha ɗaya suka mutu a unguwar.

Gari ya ɗauki zafi. Aka ce ya ba da haƙuri, ya ce shi gaskiya ya faɗa. Kujera ta tafi. Ya tattaro ya taho gidan 'yarsa likita a Pleasant Garden, nan kusa da mu, wai zai huta. Bai yi wata huɗu ba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

'Yar tana asibiti safe da yamma, dole a nemo mai kula da shi. Anti Abigel, 'yar Pankshin da ta daɗe tana jinya a gidan tsofaffi, ita ta kawo Garzali, ɗan Gwarzo mai karatun digiri na biyu a fannin noma a jami'ar gabashin gari.

Garzali ne wanka, shi ne canjin kunzugu, shi ne zubar da fo. Bai taɓa yatsine fuska ba.

Ranar farko Minista ya nuna masa wani kofin silba a kan katako, a bakin gareji. Ya ce, "Naka ne. Kai kaɗai. Ba mai taɓa shi."

Garzali ya ji daɗi har cikin ransa. A gidansu kwanon maigida daban yake, kuma baƙo mai daraja ake fito wa da kofin da ba kowa ke sha da shi ba. Ya buga wa Anti Abigel waya.

"Anti, tsohon nan ya san mutunci. Har kofi ya ware mini!"

Ta yi dariya. "To Malam Garzali, ka zama ɗan gida. Saura su ba ka 'yar."

Haka aka yi shekara biyu. Jiki ya yi sauƙi, Minista ya fara takawa da sanda. Zaɓe ya matso a can gida, jam'iyyarsa ta aiko cewa za ta ba shi tikitin takara idan ya nuna wa duniya ya tuba. Tikitin nan shi ne duk abin da ya rage masa a rayuwa. Kullum zancensa ke nan, ko ana goge masa baya.

Aka gayyato 'yar jarida daga New York, wata Ba'indiya mai suna Sabita. Ku zo ku ga wasa! Minista ya matso hawaye, ya ce ciwo ya koya masa cewa mutum duk mutum ne. Ya kira Garzali, ya ɗora masa hannu a kafaɗa don hoto.

"Wannan yaron Afirka ɗana ne," in ji shi.

Aka kawo shayi. Kowa ya ɗauki kofin tangaran. Garzali ya fita bakin gareji, ya ɗauko na silbansa, ya zuba, ya tsaya a ƙofa yana sha.

Sabita ta ajiye nata. Uwarta mai sharar titi ce. Tun tana yarinya ta san irin kofin nan da ake rataye wa mutanensu a waje a teburin mai shayi.

Ta ce, "Me ya sa kofinka yake waje?"

Minista ya fara tari. Garzali bai lura ba, baki har kunne.

"Girmamawa ce, Madam. Shekara biyu ba wanda ya sha da shi sai ni. Ko wankewa ba a haɗa shi da sauran. Minista da kansa ya hana."

Ta ce ya ɗaga kofin. Ya ɗaga yana murmushi. Ta ɗauki hoto.

Bayan mako guda kofin ya fito a shafin farko, jaridun Indiya suka kwafa. Jam'iyya ta bugo waya, maganar ko minti biyu ba ta kai ba. Babu tikiti.

Garzali ya shigo da ruwan wanka, sai ga sanda ta wuce ta gefen kunnensa.

"Mai kwasar kashi! Ka kashe ni! Da ka zaci zan bar bakinka ya hau kofin da nake sha?"

Sai a lokacin Garzali ya gane. Ya dubi bokitin da ke hannunsa. Sannan ya ajiye shi a hankali.

"Ranka ya daɗe, kashin wa nake kwasa?"

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Kofin ya bar musu.

Ciwon ya sake bugun Minista, wannan karon har hannun dama. 'Yarsa ta kai shi gidan tsofaffin da ke bayan titin Wendover, inda Anti Abigel take aiki. Kwana biyu yana kawar da kai daga ruwa, leɓɓansa duk suka tsage.

Anti Abigel ta zo da kofin roba ta tsaya a kansa.

"Baba, a nan kofin farfesa da na mai goge daɓe inji guda ke wanke su. Jiya ni ma da wannan na sha. Ka sha ko ka bari."

Ya kalle ta, ya kalli kofin. Ya buɗe baki. Ya shanye tas, ya nemi ƙari.

Darasi: Kada ka raina hannun da ke kwashe dattinka, domin ranar da naka ya daina motsi shi zai kai maka ruwa baki. Tubar da aka shirya don hoto kuma ba ta ɓoye abin da ka ajiye a bakin gareji. Ku tura labarin nan, musamman ga masu ware wa 'yan aikinsu kwano.