Tsagen da Tabawa Ta So Yi wa Talle

An ce a wani gari na bakin gulbi akwai wata mata, Tabawa, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Da maƙwabciyarta ta rasu ta bar jariri, sai ta ɗauke shi riƙo. Sunansa na yanka Idirisu, amma gari na kiransa Talle. Ya fara wayo ke nan sai baffanninsa suka aiko cewa suna tafe, su ga ko za su bar mata shi ko su tafi da abinsu. Tsoro ya kama Tabawa, ta aika wa wanzami ya zo ya yi wa yaron tsagen gidansu, don kowa ya san nata ne.

A gidan akwai wata tsohuwar kaza mai tsiwa, wadda ta ƙare rayuwarta tana kwanci kan ƙwan zabi. Ta ce, “Uwar ɗakina, riƙon ɗan wani sana'ata ce. Ji labarin Kande kafin aska ta taɓa shi.”

Tabawa ta ce tana ji.

Kaza ta ce: Kande ma marayan wasu ta riƙa, ta kira wanzami kamar yadda kika yi. Shi kuwa ya ajiye zabirarsa, ya ce bari ya ba ta labarin wani makiyayi. Makiyayin nan ya tsinci maraƙi a daji, ya yi jinyarsa har ya murmure. Don kada a karɓe, sai ya gasa ƙarfe ya yi masa shaidar garkensa. Mai shi ya zo da niyyar bar masa kyauta, amma da ya ga ƙunar sai ya ce, “Ashe ba jinya kake yi ba, sata kake shiryawa.” Ya ja maraƙinsa.

Kande ta yi kunnen ƙashi, ta nemo wani wanzamin. Dangin yaro suka zo, suka ga fuska, ko ruwa ba su sha ba suka tafi da shi. Ya girma da tsagen gidan da ba ya kwana ciki. Haka kike so?

Tabawa ta fashe da kuka, domin ranta na kan yaron nan. Ta tambaya, to da me za ta tari baffanninsa, ita da ba ta da wata shaida?

Kaza ta karkata kai, ta ce, “Wai ma, yaya sunansa?”

Tabawa ta buɗe baki, sai kunya ta rufe ta, irin wadda ke hana uwa ambaton ɗan farinta. Ta sunkuyar da kai, ta ce, “Ke ma kin sani.”

“Shekara uku ina tsakar gidan nan, ban taɓa jin kin faɗa ba,” in ji kaza. “Su ma za su tambaya, kuma ba yara ba ne.”

Tabawa ta share hawaye, ta ce ta yarda. Ta aika wa wanzami cewa ya zo dai, amma aski kawai zai yi, don yaron nan yana da baƙi.