Hannun Malam Kalanda

Akwai wani akawun kotu da aka yi a da, kowa na kiransa Malam Kalanda. Ba kalanda yake sayarwa ba. Aikinsa karɓar takardu a tagar ofishin rajista, ya buga musu hatimin kwanan wata, ya jera su a fayil.

Hatimin irin na da ne, mai robobi uku da ake murzawa da yatsa: ta rana, ta wata, ta shekara. Kullum da safe kafin ya buɗe taga, sai ya murza shi, ya dangwala a soson tawada, ya buga a bayan hannunsa na hagu. Ya duba hannun, ya dubi kalandar bango, sannan ya buɗe.

Da shuɗin tambarin nan yake wuni. Mai shagon layinsu in ya manta nawa ga wata ba ya tambayar kowa, hannun Malam kawai yake leƙawa. Daga nan sunan ya bi shi.

Autarsa a hannun nan ta koyi lambobi. Da ta ji ƙarar kekensa da yamma sai ta ruga, ta kama hannun tana karantawa da ƙarfi. In an yi hutun makaranta yakan tafi da ita ofis. Ta zauna ƙarƙashin teburinsa tsakanin ɗaurin fayiloli, tana shaƙar warin tsohuwar takarda, fanka na kuka a sama, hatimi na ta dum, dum a kan kanta. Nan barci ke ɗauke ta.

Matarsa Mama kuwa kullum cikin mita take. "Mutum da girmansa, hannu duk tawada kamar ɗan aji ɗaya. Dubi rigar matashina."

"Ai kin samu kalanda kyauta," in ji shi.

Da Auta ta shiga sakandare, abin ya fara ba ta kunya. Ranar da ya je makarantarsu, wata 'yar ajinsu ta raɗa mata, "Babanki buhu ne, da aka buga masa hatimi?" Tun daga ranar ta daina kama hannun.

Kwanci tashi, Malam ya yi ritaya, idonsa ya fara hazo. Auta ta gama karatu, aka ɗauke ta ƙaramar akawu a wannan kotun, a wannan tagar. Sai dai na gwaji ne tukuna. In ta yi kyau a tabbatar da ita, in ba ta yi ba ta kama gabanta.

Akwai wani abokin aikinta da ake ce wa Rediyo, don bakinsa ba ya mutuwa. Ran da ta fara zuwa ya ce, "Jinin Kalanda ya dawo. Miƙo hannun mu ga nawa ga wata."

"Ni ba buhu ba ce," ta ce, tana shafa mai a hannu.

Auta akwai sauri. Kafin a ce kwabo ta sallami layi, ko fuskar mutum ba ta kallo. In ta dawo gida, babanta na zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, sai ya ce, "Auta, yau nawa ga wata?"

"Baba, ga kalanda can a bango."

"Idon ba ya kaiwa bango yanzu."

Sai ta faɗa masa da baki, ta wuce ɗaki.

Wata safiya ta makara. Ta tarar da layi har bakin matakala. Ta jefar da jaka, ta murza hatimi a tsaye, ta buɗe taga. Ranar sha huɗu ga wata ne, amma yatsanta ya zarce, robar ta tsaya a sha biyar.

Na farko a layi wani dattijon tela ne, da awo rataye a wuyansa. An yanke hukuncin a ƙwace shagon da ya tsufa a cikinsa, shi ne ya kawo takardar ɗaukaka ƙara.

"'Yata, lauya ya ce yau ce ranar ƙarshe. Tun da sassafe nake nan."

"To, kawo." Dum a tasa, dum a ta kotu. "Na gaba."

Har littafin da ake rubuta takardun da suka shigo, abin da hatimi ya nuna ta kwafa a ciki. Sai wajen azahar ta lura. Ta waiga hagu da dama, ta mayar da robar baya a ɓoye. Ta ce a ranta, kwana ɗaya ne, wa zai lura?

Bayan 'yan makonni sai ga telan ya dawo. Ya rame, ko awon ma babu a wuyansa.

"'Yata, ke kika karɓi takardata. Lauyan wancan ɓangaren ya ce na makara da kwana ɗaya. Alƙali ya ce in haka ne, zama na gaba zai kori ƙarar. Ni kuwa ran sha huɗu na zo. Ko kin tuna ni?"

Ta tuna shi sarai. Rediyo ya taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya matso yana yi kamar yana neman biro.

"Ki rufa wa kanki asiri. Takardar tabbatar da ke tana kan teburin Rajistara. Mu uku ke taɓa hatimin nan, wa ya san wanda ya buga? Bakin da ya yi shiru ƙuda ba ya shigarsa."

Ko a lokacin Auta ta so ta yi dariyar jin wannan daga bakin Rediyo, amma ga telan tsaye yana jiran amsa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, abin da hatimi ya nuna ke nan."

Telan ya daɗe yana kallon takardar. Bai yi faɗa ba, bai rantse ba.

"To. Wataƙila ni na ruɗe. Tsufa ne." Ya ninke ta a hankali, ya sa a aljihu. "Allah ya yi miki albarka."

Da zagin ta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Da yamma ta dawo gida. Babanta na nan a kujerarsa. "Auta, yau nawa ga wata?"

Ta buɗe baki, sai hawaye. Ta durƙusa a gefen kujerar ta faɗa masa komai. Mama ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya tana ji.

Malam bai ɗaga murya ba. Bayan hannunsa kawai yake shafawa, inda tawadar ta daɗe da gogewa.

"Baba, me ya sa a hannu kake bugawa? Ba ga takardar gwaji ba?"

"Takardar gwaji a kwandon shara take ƙarewa. Hannu kuwa yana gabanki duk wuni. In kuskure ne, a jikinki zai fara sauka kafin ya hau kan bawan Allah."

"In na faɗa, korata za su yi."

"Mai yiwuwa. In sun kore ki, ga ɗakinki nan, ba wanda ya ɗauke. Shi telan ina zai kai keken ɗinkinsa?"

Mama ta ce, "Malam, ka shirya gobe ka je ka yi musu magana mana. Ai duk yaranka ne a wurin."

"Hannun da ya buga, shi zai je."

Washegari Auta ta ƙwanƙwasa ƙofar Rajistara. Rajistarar wata mata ce mai tabarau da igiya a wuya, ba a cika ganin haƙorinta ba. Ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Wa ya kama ki?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe."

"Telan ya san ke ce?"

"Ya ɗauka shi ya ruɗe."

Rajistara ta cire tabarau ta ajiye. "Za ki maimaita wannan a gaban alƙali, da rantsuwa. Kuma ban yi miki alƙawarin komai ba."

Ranar zaman, Auta ta tsaya a inda shaidu ke tsayawa. Tun tana yarinya take leƙen ɗakin nan ta ƙofa, ba ta taɓa zaton za ta ji shi da girma haka ba. Lauyan ɗaya ɓangaren ya yi ta juya ta.

"Wato a kotun nan akwai akawun da ba ta san kwanan wata ba?"

Aka yi dariya daga baya. Ta ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Dubawa ce ban yi ba."

Aka ɗauko sauran takardun da ta karɓa a safiyar, aka ga duk sha biyar ne a kansu, na bayan azahar kuwa sha huɗu. Alƙali ya ce takardar tela ta shigo a kan lokaci, za a saurari ƙararsa. Telan ya juyo yana kallon ta.

Ita kuwa, aka cire ta daga taga, aka ƙara mata watannin gwaji, aka tura ta ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli. Ba fanka, ba mai shigowa sai ɓera. Rediyo yakan leƙo ya ce, "Ina gajiya, mai gaskiya? Ƙurar ta ƙoshar?"

Tana kakkaɓe fayilolin tana cin karo da rubutun babanta, da hatiminsa a miƙe tsaf a kusurwar kowace takarda. Wani lokaci sai ta zauna a ƙasa tsakanin ɗaurin, ta rufe ido. Warin dai shi ne na da.

Tela ya ci shari'arsa, shago ya tsaya a hannunsa. Ba a jima ba Rajistara ta aika a kira Auta. A kan teburin ga takardar tabbatar da ita, ga hatimin a cikin wata 'yar jaka da aka ɗinka da ƙyallaye kala-kala.

"Telanki ne ya kawo. Mu ba ma karɓar kyauta, amma ya ce ba taki ba ce, ta hatimi ce." Ta tura mata. "Daga yau a durowarki zai riƙa kwana. Masu kuskure suna da yawa a ofishin nan. Mai cewa ni ce, ita na daɗe ina nema."

Rediyo na bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ranar dai tashar ba ta kama ba.

Da yamma babanta ya ce, "Auta, yau nawa ga wata?"

Ta matso kusa da kujerarsa. Ta miƙa masa hannunta na hagu, ga shuɗin tambari a bayansa. Ya kama, ya kawo shi dab da idonsa, ya karanta a hankali, lamba bayan lamba, kamar yadda ita take yi masa a da. Ya gama karantawa, amma bai saki hannun ba.

Mama ta leƙo ta ce, "Shi ke nan, rigunan matashina sun sake shiga uku."

Yanzu Malam Kalanda ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kotun ta koma aiki da kwamfuta, robar shekarun hatimin ma ta ƙare, ba sauran inda za a murza. Yana nan a cikin 'yar jakarsa a durowar Auta. Amma har gobe, kafin ta buɗe taga, sai ta dubi bayan hannunta.

Darasi: Aikin da kake gani ƙarami, rayuwar wani ce a rataye a jikinsa. Ka duba kafin ka buga. In kuma ka riga ka yi kuskure, kada ka bar wani ya ɗauki kayan da kai ka ɗaure, ka ce ni ne ko da za ka sha ƙura. Kuma kada ka ji kunyar hannun da ya rene ka. Don Allah ku tura wa wasu, musamman wanda ya fara sabon aiki.