Kafintan da Ya Auna Takarda Bai Karanta Ba

Akwai wani kafinta da duk layinsu ke kira Baba Inci, saboda tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. Ko gaisuwa ya zo yi gidanka, bakinsa na tambayar iyali, idonsa na kan ƙofarka yana neman inda ta karkace. Aikinsa kam babu na biyu, wannan ba za a tauye masa ba. Sai dai ya san da haka, kuma sanin ya hau masa kai. Ba a yi masa gyara. In ka ce kujera ta yi tsawo, zai ce ƙafarka ce ta yi gajarta.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya ɗaya tilo. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Ta auri wani malamin firamare, mutum mai sanyin hali da ba ya wuce rubutu bai karanta ba. Kwalin magani, bayan gwangwanin madara, takardar da aka liƙa a jikin bango, duk sai ya tsaya ya bi su layi-layi. Wannan hali na ba Baba Inci haushi. Yakan ce, "Surukina in ka ba shi ruwa, sai ya nemi takardar rijiyar kafin ya sha."

Shekara goma sha ɗaya da auren nan babu ko ɓatan wata. Sun yi asibiti, sun yi addu'a, sun sha maganganun mutane har sun gaji da jin zafinsu. A shekara ta goma sha biyu Allah ya ba Uwata ciki.

Ranar da Baba Inci ya ji, rufe shago ya yi ya tafi kasuwar katako. Ya zaɓo mafi kyau, ya fara haɗa gadon jariri a lungun shagonsa. Kullum in ya gama aikin mutane sai ya ba gadon awa guda. Yana goge kowane sanda da hannunsa har ya yi sumul, yana cewa jikansa ba zai haɗu da tsini ba ko ɗaya.

Cikin na wata bakwai, sai mai wani gidan abinci da ke bakin titi ya aiko a kira shi. Tsohon abokin hulɗarsa ne, teburan gidan ma duk aikin Baba Inci ne. Ya ja shi bakin ƙofa, ya nuna masa wata takarda mai jan baki da aka liƙa a jikin gilashi.

"Ka ga wannan? 'Yan duba-gari ne suka manna mini ita shekaranjiya," in ji mai gidan abincin. "Doka ta ce ba a cirewa sai sun dawo. To ni ba zan cire ba. Amma ba su ce kada in sa allon farashi a ƙofata ba."

Baba Inci ya yi dariya. "Wato allo kake so ya zauna a gabanta."

"Daidai wa daida. Ba ƙari, ba ragi."

"Su duba-gari ai ba sa rasa abin faɗa," in ji Baba Inci. "Ko gidan uwarsu suka shiga sai sun rubuta takarda."

Ya zaro tef ɗinsa ya ɗora a kan takardar. Faɗi inci takwas da kwata. Tsawo inci goma sha biyu ba kwata. Ya rubuta a tafin hannunsa. Hancinsa bai fi taƙi ɗaya da rubutun ba, kuma ya iya karatu sarai, amma gefen takardar kawai ya kalla. Abin da ke tsakiyarta, a ganinsa, ba aikin kafinta ba ne.

Kwana biyu ya yi a kan allon. Ya yi masa baki mai zane, ya shafa masa fenti ruwan ƙasa, ya ɗaure shi da noti huɗu a jikin ƙofar. Ko jan bakin takardar ba ya leƙowa. Mai gidan abincin ya yi ta sa albarka, ya ce, "Ka kawo iyalinka duk ranar da ka ga dama, abincin a kaina."

Baba Inci ba ya son a yi aiki mai kyau babu mai yabawa. Ranar da Uwata da mijinta suka fito daga awon ciki, sai ya tare su ya ce yau shi zai ciyar da jikansa.

A bakin ƙofar gidan abincin, Malam, mijin Uwata, ya ja ya tsaya kamar yadda ya saba. Ya duba dama, ya duba hagu, ya leƙa bayan ƙofa.

"Me kake nema kuma?" in ji Baba Inci.

"Takardar duba-gari, Baba. Kowane gidan abinci yana da ita a ƙofa. Ban ga tasu ba."

Baba Inci ya san inda take. Hannunsa ma a kan allon yake, yana shafa bakinsa. Sai ya ce, "Kai dai duba wannan aikin. Ka taɓa ganin allo irin wannan?"

"Ya yi kyau ƙwarai, Baba. Amma likita ta ce a kula da abin da take ci. Bari in duba a waya, ofishinsu na saka sakamakon kowane gida."

Ya ciro wayar ya fara latsawa. Nan ran Baba Inci ya ɓaci, domin ma'aikatan gidan na kallo.

"Malam, cin abinci muka zo ko jarrabawa? Shekara ashirin ina ci a nan, ko ciwon kai ban taɓa yi ba. Ni zan kawo 'yata inda za a cuce ta? In ba ka yarda da ni ba, faɗa mini a gaban mutane."

Uwata ta taɓa hannun mijinta. "Don Allah ka bari. Baba ne fa."

Malam ya ji kunyar surukinsa, ya mayar da wayar aljihu. Ni mai ba ku labarin nan, wannan wurin ne yake fi ci mini rai. Shafin ya riga ya fara buɗewa.

Aka kawo shinkafa da kaza, da haɗin ganye mai sanyi an kwarara masa farin kirim. Uwata ta daɗe tana marmarin abu mai sanyi, ta cinye nata, Baba Inci ya tura mata rabin nasa. "Ci, Uwata, ba ke kaɗai kike ci ba." Abincin ba ya wari, ba ya tsami, faranti fes, ma'aikata da fararen riguna. Babu abin da ido ko hanci zai kama.

Washegari cikin Baba Inci ya ɗan juya. Ya zaga sau uku, ya sha ruwa, ya koma kan zartonsa yana barkwanci da maƙwabta cewa kazar ce ke neman hanyar gida.

A kwana na huɗu da safe Malam ya kira shi. "Baba, muna asibiti. Zazzaɓi ne mai zafi, ga amai, ga ciwon baya. Kuma ta ce tun jiya ba ta ji motsinsa ba."

Baba Inci ya iso da garin katako a gashinsa. Ya tarar an sa mata ƙarin ruwa, leɓɓanta sun bushe. Likitar, wata mace mai gilashi, ta yi ta yawo da na'ura a kan cikin. Ta matsa nan, ta matsa can, ta sake shafa mai, ta sake nema. Uwata na kallon fuskarta, Malam na kallon ƙasa. Na'urar ba ta kamo bugun zuciyar ɗan ba.

Namiji ne. An ciro shi da la'asar, da gashinsa da farcensa, komai ya cika sai rai.

Bayan kwana biyu likitar ta kira su ofishinta, shi da Malam. Ta ce gwajin jini ya nuna ƙwayar cuta ce da ke shiga ta abinci, musamman mai sanyi da bai samu sanyin kirki ba.

"Amma ni ma na ci," in ji Baba Inci. "Ga ni garau."

"Baba, abin da zai kai ƙato bayan gida sau uku, shi ne zai kashe ɗa a ciki," in ji ta. "Ku ne na biyar da aka kawo mana daga gidan abinci ɗaya a makon nan." Sannan ta ƙara da cewa aikin da aka yi wa Uwata ya zo da matsala, jini ya ƙi tsayawa, sai da suka cire mahaifar kafin su ceci ranta.

Malam ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana ta murza ta.

Daga asibitin Baba Inci bai je gida ba. Ya bi ta shago ya ɗauki abin kwance noti, ya nufi gidan abincin. An garƙame shi da kwaɗo, mai shi ya yi layar zana, amma allon na nan, fentinsa na ƙyalli. Ya kwance notin nan huɗu da ya ɗaure da hannunsa. Takardar na nan yadda ya bar ta, ko ƙura ba ta hau ba, don aikinsa ba ya barin kafa.

Layi shida ne. Babban firjin gidan ya lalace, ba ya riƙe sanyi. Ana yanka ɗanyen nama da ganye a kan katako ɗaya. An samu kashin ɓera a ɗakin ajiya. An samu kirim da ranarsa ta wuce. Babu sabulu a wurin wanke hannun ma'aikata. Layin ƙarshe da manyan baƙaƙe aka rubuta shi, yana gargaɗin masu ciki da tsofaffi da ƙananan yara.

Ya karanta. Ya koma farko ya sake karantawa. Sannan, don hali ba ya barin mai shi, ya duba agogonsa ya karanta a karo na uku.

Da ya ga dama da ya yi shiru, babu wanda ya sani sai mai gidan abincin, shi kuma ya gudu. Amma ranar da aka sallami Uwata, ya ɗauki allon a hammata ya je gidansu. Ya tarar da ita zaune a kan tabarma ta jingina da bango, ta rame kamar ba ita ba. Malam na gefe yana karanta takardar maganinta. Baba Inci ya ajiye allon a gabansu, ya durƙusa, mutumin da bai taɓa durƙusa wa kowa ba, ya faɗa musu komai tun daga ranar da ya auna takardar.

Malam ya daɗe yana kallon allon. "Baba, na tambaye ka fa," ya ce a hankali. "Hannunka na kansa na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

Uwata ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Baba, ka ga takardar tun kafin mu je?"

"Na gan ta, Uwata. Na auna ta."

"Kwana nawa ka yi a kan allon?"

"Biyu."

"Karanta ta fa, minti nawa ne?"

Ya so ya ce bai sani ba, amma ya sani, don ya duba agogo.

"Bai kai minti ɗaya ba."

Ta gyaɗa kai, ta juya fuskarta wajen bango. "Allah ya yafe mana baki ɗaya," ta ce. "Ka tafi da katakonka, Baba."

Shekara uku ke nan. Uwata ba ta yanke zumunci ba. Tana aiko masa da abinci, tana gaishe shi in ya yi ciwo, tana amsawa in ya kira. Amma ba ta ƙara taka shagonsa ba, kuma ba ta ƙara yin dariya a gabansa ba. Malam na nan tare da ita, su biyu a gida mai ɗaki uku.

Gadon jaririn na lungun shagon har yau, saura sanda biyu a gama shi. Mutane sun sha tayawa, ya ce ba na sayarwa ba ne. Tef ɗin ma ya daina rataya shi a wuya. Yanzu in ya fita, za ka gan shi tsaye a ƙofar gidan abincin mutane, tsoho da gilashi a hanci, yana bin takarda layi-layi kamar surukinsa. In bai gan ta ba, sai ya leƙa bayan allo, ya leƙa bayan tukunyar fure, ya tambayi masu gidan. Wasu na yi masa dariya, suna cewa Baba Inci ya fara taɓuwa. Ya koyi karatun, amma babu sauran jikan da zai karanta domin shi.

Darasi: Kafin ka zauna a gidan abinci, nemi takardar duba-gari ka karanta ta, ba kallo ba. In ba ka gan ta a ƙofa ba, tambaya. In an yi maka kwana-kwana, juya ka tafi, musamman in kana tare da mai ciki, ko tsoho, ko ƙaramin yaro. Faranti mai ƙyalli ba shaida ba ne, "na saba ci a nan" ma ba shaida ba ne. Kada ka kunyata mai tambaya don kare girmanka, kuma kada ka sa hannunka a rufe gargaɗin da aka rubuta don ceton wasu, ba ka san wa zai shiga ta ƙofar ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, ko da mutum ɗaya zai tsaya minti ɗaya a bakin ƙofa saboda labarin nan.