Sunan da Uwaliya Ta Ɓoye

Mudathir saurayi ne ɗan Wurno, gwani wajen haɗa bidiyo a waya, sai dai ba shi da haƙurin jira. Da wata ƙungiya ta buɗe horon haɗa bidiyo a Goronyo domin matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, shi aka ɗauka ya taimaka musu. Kowace mace za ta ba da labarinta da bakinta, ta zaɓi hotunan da take so, a haɗa tare da ita. Sharaɗin ɗaya ne: ba a sakin bidiyo sai mai shi ta kalla ta yarda.

Cikin matan akwai Uwaliya. Ta faɗi yadda aka tafi da ɗanta na fari daji, da yadda ya gudo bayan ya ga fuskokin masu kai wa 'yan bindigar rahoto. Daga farko har ƙarshe "yaron" kawai take cewa.

Mudathir ya ɗauka alkunya ce, irin wadda ke hana uwa kiran sunan ɗan fari. A ganinsa labarin da babu suna ba ya taɓa zuciya. Ya tambayi maƙwabciyarta, ta gaya masa sunan yaron Jelani, kuma yana ban ruwa a wata gonar albasa kusa da Rabah. Ya rubuta duka a ƙasan bidiyon. Abokan aikinsa suka ce ya bari Uwaliya ta dawo daga asibiti ta gani. Ya ce ai gyara ya yi mata, ya saka a intanet.

Jama'a suka yi ta yabo suna turawa. Kafin kasuwar Goronyo ta sake ci, wasu mutane a kan babur suka je gonar suna tambayar Jelani. Da yamma mai gona ya tarar da injin ban ruwa yana ta aiki, ruwa ya shanye albasa, babu kowa.

Uwaliya ta zo wurin horon, idonta a bushe. Ta tsaya gaban Mudathir ta ce, "Ɗana, mi niy yi maka? Ka zaci kunya ta hana ni faɗin sunanai? Ɓoye shi nika yi."

Mudathir ya goge bidiyon, amma ya riga ya shiga wayoyin da bai sani ba. Har yau babu labarin Jelani. Wani lokaci a cikin motar haya sai ya ji muryar Uwaliya tana fitowa daga wayar wani fasinja, dole ya ce a sauke shi.

Darasin shi ne, labarin mutum amana ce a hannun wanda aka ba shi. Abin da mai labari ya yi shiru a kai, shi ya san dalili. Kada mu ƙara masa, kada mu yaɗa shi, sai mun koma mun tambaye shi.