Gizo da Kwale-kwale Huɗu

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Wata ranar Laraba da hantsi kogi ya cika ya fara cin tsibirin dabbobi. Gwaggo Kunkuru, mai kula da fito, ta jera kwale-kwale huɗu, ta ce kowa ya shiga na danginsa, sai ta duba jikinsa tukuna. Ƙaguwa ce ke tuƙa na dangin Gizo, amma Gizo ya raina shi don babu guzuri a ciki.

Ya ɗaura karan dawa a bayansa, ya nufi na masu ƙashin baya. Gwaggo ta shafa, kara ya karye ɓas.

"Haba Gwaggo! Maciji ko ƙafa ba shi da ita, kin bar shi ya shiga."

"Ƙafa na ce maka? Shafa bayansa ka ji. Shi da kifi da zakara duk ƙashin baya ya haɗa su. Matsa!"

Ruwa ya kawo idon sawu. Gizo ya shafe jikinsa da yauƙin kuɓewa, ya shige tsohuwar katantanwa, ya nufi na masu taushin jiki.

"To ja ciki mu gani, kamar yadda Dodon-koɗi ke yi," in ji Gwaggo.

Ya yunƙura, sai ga ƙafafu takwas sun leƙo waje.

Ruwa ya kawo gwiwa. Ya naɗe ƙafafunsa, ya zagaye jikinsa da zare zobe-zobe, ya mirgina wajen su Tana.

"Miƙe ka yi tsawo, sannan ka tsuke."

Ya yi nishi, ya yi nishi, ko kaɗan bai ƙaru ba.

Kwale-kwale uku suka tafi. A na huɗu Fara ta fara ƙorafi. "Yaya Ƙaguwa, mu tafi mana! Ai ba namu ba ne. Ƙafarsa takwas, tawa shida."

"Tawa goma, ko ni ma in sauka? Ƙafafunsa gaɓa-gaɓa ne, ɓawonsa a waje yake kamar naki. Ɗan'uwana ne, ba inda za ni sai da shi."

Ta kafe ƙafafu a laka ta riƙe kwale-kwalen, har igiyar ruwa ta fizge su. Gizo yana ɗaure cikin zarensa, yana ihu, "Yaya, ni ne naku!" Da ƙyar ya cillo bakin zaren. Ƙaguwa ta cafke da hannu ɗaya, tana tuƙi da ɗayan, ta ja shi cikin ruwa har gaɓa. Ya fito yana aman ruwa, guzurin sauran kwale-kwalen kuwa an riga an cinye.

Kun ji, yara, kada kwaɗayi ya sa ku raina danginku, don ranar wuya su za su tsaya muku.

Ƙungurus kan kusu, nan ta tsaya.