Karayar da Aka Rubuta wa Mai Lafiya

Akwai wani mutum, ma'aikaci a wani asibiti. Shi ba likita ba ne, ko allura bai taɓa yi wa kowa ba. Aikinsa sa lamba. In likita ya gyara karayar ƙafa, sai a kawo wa mutumin nan takarda ya rubuta lambar aikin, gama kowane ƙashi da lambarsa, hagu dabam, dama dabam. Wanda aka ɗaure da filasta ma lambarsa ba ɗaya ba ce da ta wanda aka tsaga aka sa masa ƙarfe. Da lambar nan kamfanin inshora yake biya.

Sai mutumin ya lura kamfani ba ya ganin ƙafa, lamba kaɗai yake gani. Ya fara mai da mai filasta mai ƙarfe, rarar kuɗin ta bi ta aljihunsa. Da ya ji shiru, ya shiga rubuta wa masu lafiya karaya. Wata rana sunaye suka ƙare masa, ya tuna katin inshorar mahaifiyarsa Rifkatu yana cikin teburinsa. Tsohuwar kuwa tana ƙauye garau, tana noman gyaɗarta. Ya rubuta mata karaya a tsakiyar tafin ƙafar hagu, wai an tsaga an sa ƙarfe. Ya ce a ransa, "Takarda ce, ai ba ta jin zafi."

Tun daga ranar, da tsakar rana in abokan aiki sun fita cin abinci, sai ya riƙa jin tafiya a baranda: taku ɗaya, sai jan ƙafa, taku ɗaya, sai jan ƙafa. Ya leƙa, ba kowa, sai rana a kan siminti. Kowace rana tafiyar takan ƙara matsowa kusa da ƙofarsa. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Kuna tsammani ya soke lambar? Ina! Rediyo ya saya ya ƙure mata murya.

Ran nan tafiyar ta iso bakin ƙofa ta tsaya. Aka yi sallama. Ya buɗe, sai ga mahaifiyarsa dogare da sanda, ƙafar hagu a kumbure, an naɗe ta da tsumma.

Ta ce, "Turmi ne ya faɗo mini, ɗana. Na ce tunda kana nan, ba sai na je wurin mai ɗori ba."

Likita ya ɗauki hoto. Ƙashin nan dai ne, wanda aka rubuta. Ya ce sai an sa ƙarfe cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ba za ta ƙara taka ƙafar daidai ba. Aka aika wa kamfani, amsa ta dawo: an riga an yi wa ƙafar nan wannan aiki, mun biya, ba ma biya sau biyu. Kuɗin da mutumin ya ci kuwa tuni sun bi ruwa. Hanya ɗaya ta rage, ya rubuta da hannunsa cewa lambar farko ƙarya ce, ya rasa aikinsa.

Likita ya karanta amsar a gabansu. Tsohuwa ta dubi ɗanta ta ce, "Yaushe aka yi mini aiki ban sani ba?"

Ta jira, ta jira, sa'an nan ta ɗauki sandarta ta juya. Yana tsaye da biro a hannu, yana jin tafiyarta a baranda, taku ɗaya, sai jan ƙafa.

Ma'anar wannan misali ita ce: lambar nan ita ce ƙaryar da muke cewa ba ta cuci kowa ba don ba mu ga fuskar wanda ta cuta ba. Tafiyar baranda lamirinmu ne, wanda Ubangiji cikin jinƙansa yake aiko mana tun da sauran lokaci. Rediyo kuwa, kowa a nan ya san tasa. Abin da yake ba ni baƙin ciki shi ne, ƙarya ba ta cika sauka a kan mai ita ba, a kan wanda ya amince da shi take sauka.

Za ku tambaye ni ko mutumin ya furta. Ban faɗa muku ba, gama ku ne mutumin. Tsohuwa ba ta kai bakin titi ba tukuna, 'yan'uwa, biron kuma yana hannunku.