Ƙafar Jatau da Ƙasar Sarki

A zamanin da, an yi wani sarki wanda in magana ta fita daga bakinsa, to ta zauna ke nan. Wata rana Galadima ya gurfanar da wani falke mai suna Jatau a gabansa, wai ya kashe masa ƙane, Mantau, domin tare suka tafi fatauci, Jatau kaɗai ya komo.

Jatau ya rantse Mantau na nan da ransa a ƙetaren kogi, a ƙasar wani sarki. Aure ya yi a can, tsoron yayansa ya hana shi dawowa. Ba wanda ya gaskata shi sai ubangidansa, tsoho Madugu Nomau, wanda ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, na tsaya masa."

Sarki ya ce, "Na ba ka shi har tsayuwar wata. Amma in ƙafarsa ta bar ƙasata kafin ranar shari'a, wuyanka ne a madadin nasa."

Ka ji fa tashin hankali! Aka tura manzo, Mantau ya ɓuya. In Jatau ya zauna, ba shi da shaida. In ya tafi, ya kashe tsohon da ya rufa masa asiri. Ya je ya durƙusa wa Waziri yana hawaye. Waziri ya daɗe yana kallon takalman Jatau, sa'an nan ya ce, "Ni dai ban ji Sarki ya ce iyaka ba. Ƙasa na ji ya ce."

Jatau ya ƙetare kogi. Labari ya kai kunnen Galadima, aka ɗaure Nomau.

Ranar shari'a fada ta cika maƙil, Hauni mai sare kai ya zare takobi. Sai ga Jatau yana ɗingishi, yana jaye da Mantau.

Galadima ya ji kunya, amma ya cije ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙanena ya dawo, na yarda. To dokarka fa? Ya bar ƙasarka, kowa shaida ne."

Fuskar Sarki ta murtuke. Ba ya son jinin tsohon nan, amma magana ta riga ta fita. Ya ɗaga hannu zai yi wa Hauni ishara.

Jatau ya ce, "Zaki, a yi mini izini in tuɓe takalmi."

Ya kwance su, ya zazzage. Sai ga jar ƙasa ta zubo, ta cuɗe da jinin tafin ƙafarsa. Ya ce, "A ƙofar fadarka na ɗebe ta. A kanta na tafi, a kanta na kwana, a kanta na dawo."

Sarki ya dubi ƙasar, ya dubi Waziri, wanda ya duƙufa yana gyaran rawani. Can ya sauke hannu ya ce, "Ƙasata na ce, wannan kuwa ƙasata ce. Ku kwance tsoho. Kai kuma Galadima, kai za ka yi jinyar ƙafafun nan har su warke."

Nomau bai jira Galadima ba. Ana kwance shi, ya nemi ruwa, ya durƙusa a gaban yaronsa, ya fara wanke masa ƙafa da hannunsa.